Gaisuwar da Ba Ta Tsallako Katanga Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Kyauta, kuma har yau matan zumuntar majami'armu ba su zo mini gaisuwa ba. Haka zancen yake, ba kuwa zan lulluɓe shi ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da majami'a, ita ma ta ƙasa ce, akuya mai ƙarfin hali tana haura ta. Ba nisa ne ya hana su ba, labari kuwa sun ji tun gawa ba ta huce ba. Yayata 'yar Katolika ce, mu kuma ba Katolika ba ne. Iyakar laifin ke nan.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma da dama a cikinku in an ce Kirista, to Kirista ne kawai, duk buhu ɗaya. Bari in warware muku. Mu Hausawa ne, jikokin Maguzawa, a wani ɗan ƙauye can bayan Rurum. Iyayenmu sun karɓi bishara a hannun 'yan mishan. Wasu danginmu kuma da ke wajen Durba, a ƙasar Kibiya, sun karɓa a hannun Fada, wato limamin Katolika, shi ya sa muke ce musu 'yan Fada. Yesu ɗaya muke kira, harshe ɗaya muke yi, tsagar fuskar kakanninmu ɗaya ce. Amma na tashi na tarar ana faɗin sunansu da murya ƙasa-ƙasa, kamar ana faɗin sunan wata cuta.

A wurinmu akwai al'ada. In aka yi wa 'yar zumunta rasuwa, ba a aika saƙo. Mata ne za su ɗaura zanin zumunta, ɗankwali iri ɗaya, su ɗauko tulunan kiɗa, su shigo gidan a jere suna waƙa, su zauna da ita har a tashi makoki. Ba a tambayar addinin wanda ya mutu, domin mai rai ake zuwa wa. Da ƙanen wata 'yar'uwarmu ya rasu a Rano, shi kuwa ya daɗe da musulunta, mun je da zaninmu mun zauna gefe. Da tsoho Nomau ya mutu a kan Maguzancinsa, ana ta juye giya a bakin ƙofa, mun je saboda 'yarsa, mun yi waƙa har muryoyinmu suka dushe. Ni da ƙafata na je duka. Tun ina amarya nake cikin zumunta, babu gidan makoki a wannan yanki da tabarmarsa ba ta san ni ba.

Sunana Lami, ni ce auta a ɗakinmu, Yaya Kyauta ce ta goye ni. A kasuwar Kibiya ta ga Tanko, yana sayar da albasa tana sayar da tukwane, suka daidaita kansu. Da aka gane ɗan Fada ne sai gidanmu ya yi tsit. Ina bakin murhu na ji wani dattijon ikilisiya yana ce wa babanmu, "Da Musulmi ta kawo, da mun san ta tafi. Wannan kuwa za ta tafi tana tsammanin tana nan." A lokacin ban gane ba. Can gidan miji aka yi mata baftisma aka sa mata Sisiliya. Ban taɓa kiranta da sunan ba, bakina ya ƙi.

Sana'ar innarmu ta gada, ginin tukunya. Ni hannuna bai karɓa ba, duk abin da na gina sai ya karkace kamar mai gyangyaɗi. Ita kuwa har tulun kiɗa take ginawa, wanda ba kowace maginiya ke iyawa ba. Babban tulu ne mai ƙaramin baki, ba a zuba masa ruwa, sai dai a daki bakin da faifan soso, ya ba da wata ƙara mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Shi ke riƙe waƙar mata kada ta watse. Duk tulunan majami'armu daga hannunta suka fito, kafin aurenta da bayansa, ban kuwa taɓa jin wani dattijo ya ce yumɓun 'yar Fada ba shi da tsarki ba. In ta fito da su daga wuta sai ta bi su tana ƙwanƙwasawa, tana raɗa musu sunayen mata. "Wannan Rifkatu ce," in ji ta, "an daina dukanta ma tana ta magana." Rifkatu ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ce daga baya ta zama uwar zumunta, shugabar matanmu. Ta san da sunan, dariya ma take yi.

Haihuwar Yaya ba ta zauna ba, duk wanda ta haifa sai ya koma. Da Tanko ya rasu ta tattaro 'yan komatsanta ta dawo wurina, ni ma a lokacin na binne nawa mijin, yara kuma sun watse birni. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, muna faɗa kullum kamar kaji. A ɗakinta ta ajiye wata 'yar siffar Maryamu mai shuɗin mayafi, hancin ya ɗan ɓantare, da kyandir a gabanta, da carbi a rataye.

"Yaya," nakan ce mata, "wannan 'yar tsanar tana jin ki kuwa?"

"Ke hoton mijinki da kike goge wa ƙura duk Asabar, yana jin ki?"

"Ni ai ba na roƙonsa komai."

"Ƙarya kike, Lami. Jiya na ji ki kina tambayarsa inda ya ajiye lauje."

Ita ma ba ta raga mana. Majami'ar jiya take ce wa tamu. Jibin Ubangiji da muke ci kuwa, wai burodi ne da zoɓo. Ranar jana'izar Tanko da na je wurinsu, da aka zo raba nasu jibin, wata tsohuwa ta dafa mini gwiwa ta ce in zauna, ba nawa ba ne. Ban manta ba. Don haka kada wani ya ɗauka ina cewa 'yan Fada mala'iku ne. Har gobe ban yarda a roƙi Maryamu ba, ban yarda addu'ar masu rai tana sauya wa matacce masauki ba. Na faɗa wa Yaya a gaban idonta, ta faɗa mini nata, muka sa hannu a ƙwarya ɗaya muka ci tuwo.

Ranar Lahadi takan hau acaɓa ta tafi wajen Durba. In ruwa ya yanke hanya sai ta durƙusa a ɗaki da carbinta, waƙarmu tana shigo mata ta kan katanga. In na dawo sujada sai in tarar da ita tana jira na da ƙorafi. "Wa ta daki Rifkatu yau? Hannunta ya yi nauyi, za ta fasa mini tulu."

A ranin ƙarshe da ta yi a duniya ta gina tulu guda, ya fi sauran girma. Da ya huce ta daki bakinsa sau ɗaya da tafin hannu, ta saurara har ƙarar ta mutu, ta ce, "Wannan ni ce. Baki ƙarami, ciki babba." Na ce mata bakin ne dai ban yarda ba. Ta sa muka kai shi bayan gadona, ba ta ce na wa ne ba.

Da farkon damina ta kwanta, ba ta daɗe ba. Wata Laraba da safe ta cika. Katikis ɗinsu, wato mai koyar da addini da ke riƙe musu ɗakin sujada in Fada ba ya nan, ya zo a kan babur, daga baya wasu 'yan tsofaffin mata na Durba suka iso, ba su cika tabarma ɗaya ba. Zan faɗi gaskiyar kowa. Mazan majami'armu sun zo da kayan gona sun haƙa kabari a gefen gonata, ƙarƙashin ɗorawa, amma da katikis ya buɗe baki zai fara addu'a suka saɓa fartanyoyinsu suka wuce. Rifkatu ta shigo tun da safe da zanin gida, ta leƙa ɗakin Yaya, ta juya ta fita. An miƙo kwanonin tuwo ta kan katanga. Hannuwa na gani, ban ga fuskoki ba.

Washegari na share tsakar gida, na shimfiɗa duk tabarmin da nake da su, har na aro na maƙwabta, domin na san yawanmu in mun zo. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Wadda ta fara yin sallama Hajiya Sa'a ce, wata mai abinci a kasuwar Kibiya da ta daɗe tana sayen tukwane a hannun Yaya. Ta hawo acaɓa cikin taɓo, ta zauna kusa da ni, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Lami. Mutuniyar kirki ce, tukunyarta ba ta yoyo." Ta waiga ta ga tabarmi babu kowa, ta ce, "Ina mutanenku?" Na ce suna tafe.

Da la'asar na ji su. Ranar Alhamis ce, ranar koyon waƙa. Daga bayan katanga aka daki tulu, na biyu ya amsa, muryoyi suka hau. Na miƙe tsaye ina gyara ɗankwali, a zatona sun taso ne. Waƙar ba ta matso ba. A inda take ta tsaya har rana ta faɗi. Ina zaune a tsakiyar tabarmi, Hajiya Sa'a ta tafi, tsofaffin Durba sun tafi, hannun yayata yana ta magana a cikin ɗakin da aka ƙi fitowa dominta. Na san kowane tulu da sunansa. A ranar na ninke zanin zumuntata na sa a ƙasan akwati. Ban bar majami'a ba, ba wanda ya isa ya kore ni daga gidan Ubana. Duk Lahadi ina zuwa, in zauna a bencin baya, in fita kafin a fara gaishe-gaishe. A bakin rijiya wasu sun ce mini ya haƙuri, ɗaya ɗaya, suna waige. Na amsa. Amma wannan ba ita ce gaisuwar ba, su ma sun sani.

Ban san baƙi ba sai da na haura shekara arba'in, a ajin yaƙi da jahilci a Rano, ina riƙe da fensir kamar muciya. Tun da idona ya buɗe ba na yarda a ce mini haka muka tarar. Don haka na bi sawun wannan ƙiyayya, na tambayi masu karatun tauhidi, na karanta abin da zan iya. Suka ce rigimar tsohuwa ce, a ƙasar Turawa ta faro, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. An yi ta a kan ikon Paparoma, da kan ko ana samun gafara ta hannun limami, da kan ko talaka zai karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa. An zubar da jini ta kowane ɓangare. A wannan na ƙarshen ina tare da namu ɗari bisa ɗari, mace da ta koyi karatu da furfura ta san daɗin buɗe littafi da kanta. Sai dai waɗanda suka kawo mana bishara sun haɗo mana da rigimarsu a kaya ɗaya, muka sauke duka ba mu bincika ba.

Amma ƙarya ne in ce Turawa ne suka hana mata tsallako katangata. Rabin matan ba su san ma akwai Paparoma ba. Dalilanmu na gida ne.

Akwai giya. Iyayenmu da suka tuba, abin da aka fara raba su da shi tulun burkutu ne, kuma sun sha wuya kafin su rabu. 'Yan Fada ba su haramta ba, maye kawai suka hana. Mutumin da ya haɗiye ƙishinsa shekara da shekaru, ya ga ɗan'uwansa yana kurɓa ranar Kirsimeti kuma yana cewa shi ma sama za shi, ba zai so shi ba. Akwai rijiya. Wata shekara 'yan Fada suka haƙa rijiya suka buɗe ɗan aji a wata unguwa, gidaje suka koma wurinsu, mai bishararmu na wurin ya wayi gari yana wa'azi ga matarsa da surukarsa. Mu 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa, in gida ɗaya ya tashi ana ganin gurbinsa a benci. Ga kuma Fada da kansa, namiji baligi ba mata ba ɗa, ana kiransa uba, ana durƙusa masa ana faɗa masa zunubi. Bahaushe ko wane addini yake yi, tuzuru bai cika kwanta masa a rai ba.

Duk waɗannan ganye ne. Saiwar ita ce kunya. Mu fa 'ya'yan waɗanda aka kira arna ne a kowace kasuwa. Iyayenmu sun ƙona kayan tsafi, sun yi wanka, sun sa fararen riguna, suna so duniya ta shaida sun fito. Sai ga 'yan'uwansu da siffa a kan dakali, da kyandir, da hayaƙin turare, da ruwan da ake yayyafa wa mutum don tsari. Ga mai kallo daga nesa, wannan ɗakin kakanmu ne aka shafa wa farar ƙasa. Suka kuma ɗauki carbi suna ja, suna azumi, suna maimaita addu'a ɗaya kamar masu wuridi. Ta nan sun yi kama da abin da muka gudo, ta can sun yi kama da abin da muka ƙi shiga. In Musulmi ya ce Kirista masu bautar gunki ne, sai mu yi sauri mu nuna Durba da yatsa mu ce ba mu ba, su ne. Mun sayi mutuncinmu da sunan 'yan'uwanmu. Shi ya sa za a iya zuwa makokin Nomau, don kowa ya san wa'azi aka je yi. Makokin Yaya kuwa, in aka je, sai a ce ɗaya muke. Sai yanzu na gane maganar dattijon nan ta bakin murhu.

Da Yaya za ta leƙo yau, da ta yi dariya har ta ƙware. In wani tashin hankali ya taso, ko ana neman izinin gyara ɗakin sujada, sai ka ga fasto da Fada a mota ɗaya sun nufi wurin hukuma, suna kiran juna ɗan'uwa. Tsoro yana haɗa mu, in ya lafa kowa ya koma bayan katangarsa. Jikokinmu kuma sun samu sabon malami a cikin waya. Wani jikana ya zo hutu ya nuna mini wani mai wa'azi yana kumfar baki, wai Katolika ita ce babbar maƙiyiyar da aka yi annabcinta. Yaron nan a bayan Yaya ya yi barci yana jariri. Na ce masa ya kashe abin ko ya fita da shi waje. Zagin da a da sai an je taron shekara ake ji, yanzu yana cikin aljihun kowane yaro. Da ta ga tulunan ƙarfe da masu walda ke yi yanzu kuwa, masu ƙara kamar garwar kalanzir, wannan kam ba za ta yi dariya ba.

Tulunanta sun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ina jin su daga gida, nakan san ranar da wata murya ta ɓace. Bana guda ya rage.

Jiya Laraba, a makon da Yaya ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, ina tsince wake bayan la'asar na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Salama dai. Lami, kina ji na kika yi shiru."

"Ina jin ki, Rifkatu. Mamaki nake ƙafarki ta gane hanya."

Ta shigo tana dogarawa, ta zauna a kan turmi ba a ce ta zauna ba. Ta tsufa ƙwarai. Muka gaisa, gida da gona da ciwon gwiwa. Sai ta ce, "Na fashe."

"Kin me?"

"Tuluna. Ai kina bencin baya da Rifkatu ta fashe ranar Lahadi, ta rabe biyu a tsakiyar waƙa."

"Ashe dai tana iya yin shiru."

Dariya ta ƙwace mana mu duka biyu, irin wadda ban yi da kowa ba tun Yaya. Har ta share ido da gefen zani. Sa'an nan ta ce taron zumunta na gunduma a majami'armu za a yi bana, mata za su zo daga ko'ina, kuma abin kunya ne a tarbe su da garwa. An ce akwai guda a ɗakina.

"Akwai," na ce. "Amma na 'yar Fada ne. Ba kwa tsoron ya kira Maryamu a tsakiyar waƙa?"

"Lami, bar wannan magana."

"Ba zan bari ba. Na ajiye ta ne don yau. Na je wa kowa, Rifkatu. Na je miki sau nawa? Ina tabarmin da na shimfiɗa?"

Ta ce, "Na shiga ɗakin da safiyar ranar, kin gan ni. Na ga kyandir a gaban siffar nan, na ga mutumin yana yayyafa ruwa. Allah ya sani, ɗakin kakana na gani. Kin san ɗakin, kin san jinin kajin da ya sha. Kin san ranar da Baba ya kwashe kayan ya cinna musu wuta, 'yan'uwansa ba su ƙara cin abinci da shi ba har ya mutu. In na ɗaura zani na jagoranci mata muka tsaya a wurin aka ce amin, me zan ce wa Baba? Fasto ma ya ce zuwanmu da zani shaida ce."

"Wa ya ce ki ce amin? Yaya ta riga ta tafi, ba ta bukatar waƙarku. Ni ce mai rai. Ni za ku zo wa."

Na ci gaba.

"Da ma kun yi shiru ranar. Sai kuka buga tulunanta ina ji."

"Ranar koyon waƙa ce, Lami. Ba mu yi tunani ba."

"Na yarda ba ku yi ba."

Ta jawo sandarta. "Mun tsufa, ni da ke. In taki ta zo ba kya cikin zumunta, wa zai yi miki waƙa?"

"Wanda ya yi wa Yaya."

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "To tulun fa?"

Na ce za ta ji.

Na zauna da waken a cinya har magariba. Me ya rage na Kyauta a duniya? Ba ɗa, ba gida. Kabarinta in ba ni ba, babu mai cire masa ciyawa. 'Yar siffarta tana nan kusa da hoton mijina, duk Asabar ina goge su tare, ba na roƙon kowa komai a cikinsu. Sunan Sisiliya ya mutu da tsofaffin Durba, ɗakin sujadarsu yanzu samari ne da na'urar kiɗa mai batir. Abin da ya rage murya ce guda, a bayan gadona, wadda aka ji sau ɗaya. Na san abin da za ta ce. Za ta ce tulun da ba a duka ɗakin ɓera ne, in ba su, ita ba don a gode mata ta gina ba. Ta fi ni faɗin ciki, ta faɗa da bakinta. Amma gaisuwar nan ba tata ba ce da za ta yafe. Tawa ce. Ba na neman su yarda da Maryamu, ni ma ban yarda ba. Ba na neman wani ya durƙusa. So nake su shigo ta ƙofa, da zani, a jere, kowa yana gani, su zauna a gidan da 'yar Fada ta mutu, su ce Lami ya haƙuri. In suka yi haka su ɗauki tulun, ni ce zan ɗora wa mai ɗauka gammo. In ba su yi ba, zai koma bayan gado, kuma ran da tawa ta zo a binne ni shiru ƙarƙashin ɗorawa, na san maƙwabciyata.

Da gari ya waye na share tsakar gida tun daga bakin rumbu har ƙofa. Na shimfiɗa tabarmi, duka. Na buɗe akwati na ciro zanin, yana warin kafur, layin ninki ya koɗe ya yi fari. Na ɗaura shi haka nan, na ɗaura ɗankwalin. Na mirgino tulun a hankali, na zura hannu na kwashe yanar gizo, na kafa shi a tsakiyar tabarmi. Na cire sakatar ƙofa na buɗe ta har bango. Ban aika kowa ba.

A bayan katanga mata sun gama addu'ar safe, ina jin hayaniyarsu suna neman takalma. Ban taɓa buga tulu ba a rayuwata, ba ni kuma da faifan soso. Na cire silifa ɗaya na daki bakin.

Ƙarar ta fito daga can ƙasa, ta bi ta ƙirjina, ta haura katanga. Hayaniyar ta tsaya cak.

Na gyara zama, na fuskanci ƙofa, na sake duka.